Lasifikar falo a kan teburin aiki, daga ɗakina a Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba kasuwa za mu shiga ba, muna ɗakin aikina a unguwar Ali Ɗan Sofo. Mutanen gida Katsina masu tambayar sana'ar da ta riƙe ni a Maraɗi, ga ta: tace murya. Karatun malamai, tallar 'yan kasuwa, bidiyon biki.

Bari in juya kyamara. Kun ga akwatunan katakon nan biyu a gefen kwamfuta? Lasifikar falo ce tsohuwa, ta hannu na saya. Da, 'yan ƙanana na roba nake amfani da su, irin waɗanda ake rubuta wa dubban wat a jikin kwali. Wata rana na tace karatun wani dattijon malami, na miƙa da hannu biyu. Da aka sa a manyan lasifikoki sai ga gurnanin fanka yana tafe ƙarƙashin muryarsa tun daga bismilla har addu'a. Wallahi ban taɓa jin sa a ɗakina ba, don lasifikar roba ba ta iya fitar da sauti mai kauri haka. Abin ya dame ni ƙwarai. Amanar karatu aka ba ni.

Ita lasifikar falo ba ta da wayar wuta, kuma kwamfuta ba ta da ƙarfin motsa ta. Sai an sa amfilifaya a tsakani, wanda mutanen nan ke kira ampli. Ga nawa, bai wuce tafin hannu ba. Ajin D ne, wato irin wanda ba ya ɓarnar wuta, a cikinsa akwai ɗan guntun lantarki mai suna TPA3116 na kamfanin Texas Instruments. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci lasifika take zuwa, kaɗan ce ke zama zafi. Wanda ya san Afrilun Maraɗi, lokacin da zafi ke haura maki 40, ya san darajar na'urar da ba ta gasa ɗaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne cinsa. Guntun yana aiki daga bolt 4.5 har 26. Cajar tsohuwar laftof mai bolt 19 nake ba shi, bayan na tabbatar bakin ya dace kuma filas (+) na tsakiyar bakin. In kuran ya tafi, kamar yadda ake faɗa a nan in an ɗauke wuta, sai in maƙala shi da batirin sola mai bolt 12. A haka kowace lasifika mai om 8 (ma'aunin turjiyarta ga wuta) ba ta samun ko wat 10.

Wani zai ce wat 10 ai ba komai ba ne. Yallaɓai, duba bayan akwatin nan: an rubuta desibel 87, ma'aunin ƙarar sauti ke nan. Wato wat ɗaya tak, kana zaune mita guda daga gare ta, ƙararta ta kai 87. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce awa 40 a mako kan desibel 80 shi ne iyakar babban mutum. Ni da ke wuni a nan, tsakanina da ita bai kai mita ba ma. Kuma ko ka ninka wat, desibel 3 kawai ka ƙara. Kuɗin da za ka zuba a neman wat, kai shi wajen lasifika mai kyau.

Haɗin ba wuya. Waya mai baki milimita 3.5 ta shiga koren rami a bayan kwamfuta, ɗaya kan mai baki biyu ya shiga ampli, ja dama, fari hagu. Wayar lasifika kuma ja da ja, baƙi da baƙi. In ka juya ta gefe guda babu abin da zai ƙone, amma kaurin sauti zai zube, murya ta rasa mazauni, ka ji ta kamar tana yawo a ɗaki. Kashe ampli kafin ka taɓa waya, kada silin tagulla biyu su haɗu.

Ranar farko na ji wani zuuu da ba ya yankewa. Na mayar da kwamfuta da ampli soket ɗaya, ya ragu. Ƙananan tsiwirwiri da ke biyo motsin linzamin kwamfuta kuwa sai da na sa ɗan katin sauti na USB suka tafi.

Sai zama. Tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ita ce tazarar kowace zuwa kanka, kamar duwatsun murhu. Ƙaramin bakin sama ya kalli kunnenka. Ni soso na sa a ƙarƙashi, don kada tebur ya riƙa amsawa. Ka ɗan ja su daga bango. In za ka saya a kasuwa, shafa zoben da ya kewaye babban baki a hankali, in yana marmashewa bar ta. Da hunturu kuma ina lulluɓe su da zane, ƙurar nan ba ta raga wa komai.

Yanzu ga karatun nan na dattijo, asalin wanda ban tace ba. Ku sa abin kunne, wayar hannu ba za ta fitar muku da shi ba. Ku bari ya ja numfashi... yauwa, kun ji fankar?