Me ya sa ake ba yaron da yunwa ta fi galabaitarwa madara 'yar kaɗan?

[Hoto: ɗakin kwanciyar yara a asibitin tanti. Uwa zaune a bakin gado, ɗanta a cinya, ma'aikaciyar jinya tana ba shi madara a ƙaramin kofi.]

Ku dubi abin da ke cikin kofin nan. Madara ce ruwa-ruwa, ko rabin kofin shayi ba ta kai ba. Yaron kuma kun ga halin da yake ciki.

Duk sanda irin wannan hoton ya fito daga Sudan ko Gaza, sai ka ga tambaya ɗaya tana yawo a Facebook da WhatsApp: yaro yana mutuwa da yunwa, a ba shi abinci mana! Wasu har su ce rowa ce, ko an karkatar da kayan agaji. Tausayi ne ya kawo tambayar, babu shakka. Sai dai da za a cika wa yaron nan ciki da tuwo da nama a daren farko, abincin na iya zama ajalinsa. A kan wannan gaɓar za mu tsaya yau.

[Taswirar Sudan, ta matso zuwa Darfur ta Arewa.]

Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin sojojin ƙasar da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF. A watan Agustan 2024 kwamitin ƙwararru da ke tantance yunwa a duniya ya tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam, kusa da El-Fasher. Tun a watan Fabrairun shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙiyasta cewa duk bayan awa biyu yaro ɗaya ke mutuwa a sansanin. A cikin El-Fasher da aka yi wa ƙawanya kuwa, mutane sun koma cin ambaz, ragowar gyaɗar da aka matse wa mai, dangin tunkuza, wadda a da dabbobi ake zuba wa.

[Layin mata da goyo. Ana ɗaura wa yaro tef mai launi uku a damtse.]

Ana farawa da awo. Tef ne ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya. Rawaya, a sa ido. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Sai a danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In gurbin yatsan ya zauna bai cike ba, kumburi ne, ba ƙiba ba.

[Kwali a buɗe, ƙananan leda ja da fari.]

Wannan ledar da yawanku kun san ta. Gyaɗa ce niƙaƙƙiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, giram 92, kalori 500 a kowace leda. Likitan Faransa André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset ne suka haɗa ta a 1996, aka sa mata suna Plumpy'Nut. Ba ta son ruwa, ba ta son wuta, ba ta son firiji. A yunwar 2005 a Nijar aka ga aikinta a fili: MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, mafi yawa a yankin Maraɗi, kuma akasarinsu a gida suka warke, a hannun iyayensu mata. Kwali ɗaya mai leda 150 kan ishi yaro ɗaya, mako shida zuwa takwas.

To me ya hana a miƙa wa yaron da muka gani a farko ledar nan?

[Wani lungu shiru a asibitin. Uwa ta wanke hannu, ta yage bakin leda.]

Ga amsar. Kafin a sallami kowane yaro da ledar, sai an yi masa gwajin ci. A kai shi gefe inda babu hayaniya, uwarsa ta zaunar da shi a cinya, ta matso masa kaɗan a yatsa ko a bakin ledar, ga ruwan sha a kusa. Za ka ji ma'aikaciyar tana cewa, "Mama, a hankali, kada ki yi masa ɗura." Ana iya ɗaukar rabin awa ana lallashi.

In ya karɓa ya ci abin kirki, alhamdulillahi, jikinsa da sauran ƙarfi. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ledojinsa, su tafi gida, su dawo mako mai zuwa. Mafi yawan yara nan suke faɗawa.

[Wani yaro ya kau da kai, ya rufe baki.]

In kuwa ya kau da kai, wannan ita ce alamar haɗari. Mutane suna zaton yaron da ya fi jin yunwa shi ne zai fi wawurar abinci. Ba haka abin yake ba. Wanda tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya ma son abincin, ba ya kuka sosai, kallo kawai yake yi. Shi, da mai kumburi sosai, da mai zazzaɓi ko amai ko numfashi sama-sama, gado ake ba su.

[Zanen jikin yaro: zuciya, hanta, ƙoda, hanji.]

Ga abin da ya faru a ciki. Da yunwa ta daɗe, jiki ya rage aikin komai don ya tsira. Zuciya ta ƙanƙance, bugunta ya yi rauni. Hanta ba ta iya samar da isasshen sukari. Ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa. Bangon hanji ya sirance, narkar da abinci mai nauyi ya gagare shi.

Sai a zuba wa wannan jikin abinci mai yawa lokaci guda. Sinadarin insulin, mai sarrafa sukari a jiki, ya tashi, ya janye fotasiyam da fosfet da magniziyam daga cikin jini zuwa ƙwayoyin halitta. Da waɗannan sinadarai zuciya ke bugawa daidai, ga shi dama sun yi ƙaranci. Bugun ya rikice, ruwa ya taru a huhu, yaro ya rasu bayan ya ƙoshi. An ga haka a Afrilun 1945, lokacin da sojojin Birtaniya suka 'yanto sansanin Bergen-Belsen a Jamus: suka raba wa fursunoni abincinsu na soja da kyakkyawar niyya, da yawa jikinsu ya kasa ɗauka, suka mutu.

Mu da muke azumi mun san wani ɓangare na wannan. Awa goma sha huɗu kawai, amma da dabino da ruwa da kunu muke buɗe baki, tuwo sai an jima. Yaron nan kuwa watanni ya yi.

[Kusa da gwangwani, an rubuta F-75. Ana auna madarar da sirinji.]

Madarar kofin nan sunanta F-75, saboda kalori 75 ke cikin kowace mililita 100. Da gangan aka rage mata furotin da gishiri, aka ƙara mata sinadaran da jiki ya rasa. Yaro mai kilo 5 zai sha mililita 55, wato ƙaramin cokali 11, duk bayan awa biyu, sau 12 dare da rana. In ba ya iya haɗiya, a sa masa siririn tiyo ta hanci. In yana shan nono, ya ci gaba da sha.

Ba don ya yi ƙiba ake ba shi ita ba. Mai kumburi ma sauka zai yi a sikeli, domin ruwa ne ke fita. Iyaye mata da yawa hankalinsu kan tashi a nan, su ga ɗa yana ƙara ramewa a gadon asibiti. Alamar sauƙi ce.

[Dare. Fitila mai caji. Ma'aikaciya tana tada uwa daga barci.]

Ciyarwar dare ita ce ta fi wuya, ita ce kuma ta fi muhimmanci. Sukarin jinin irin wannan yaro kan faɗi cikin 'yan awoyi, jikinsa ya yi sanyi ko a ƙasa mai zafi kamar Darfur. Shi ya sa kuke ganin hula da bargo, da uwa ta manna shi a ƙirjinta. A ganina, matar da ke tashi ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare tana auna mililita 55 ga gado bayan gado, ana jin ƙarar harbi daga nesa, ita ta fi cancanta a nuna a labarai.

Akwai kuma abu biyu da dangi kan roƙa a hana su, su tafi da fushi. Ƙarin ruwa: mun saba ganin in ba a rataya ledar ruwa ba kamar ba a yi magani ba, amma zuciyar yaron nan ba za ta iya da ruwan jijiya ba, sai in rai ya kai maƙura. Ko ruwan gishiri da sukari nasa daban ne, mai ƙarancin gishiri, sunansa ReSoMal. Na biyu, maganin ƙarin jini: ana jinkirta shi sai yaro ya fara murmurewa, domin sinadarin ƙarfen da ke ciki na iya ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfi a kwanakin farko.

[Bayan kwanaki. Yaron ya miƙa hannu ya kama kofin da kansa.]

Kwana biyu zuwa bakwai, kumburi ya saɓe, ci ya dawo. Sai a koma madarar F-100 mai kauri, ko a shiga ledar gyaɗa a hankali, sannan gida.

[Yara a tabarma, gwangwani da tsakuwa a ciki, 'yar tsana ta tsumma.]

Wasan nan da kuke gani yana cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar tamowa. Ƙwaƙwalwa ma ta sha yunwa, tana buƙatar a yi wa yaro magana, a yi masa waƙa, a ɗauke shi. Uwar da ta gudo daga garin da aka ƙone, ta binne wasu a hanya, sau da yawa ba ta da wannan kuzarin, don haka ita ma ana zama da ita a saurare ta. 

[Manyan motoci a tsaye a Adré, kan iyakar Chadi da Sudan.]

Ledar gyaɗa ana iya loda ta a mota, ta shekara biyu ba ta lalace ba. F-75 kuwa sai da ruwa mai tsafta, da gado, da fitila, da ma'aikacin da zai kwana a farke, kuma ba a ba da ita a tafi gida. Waɗannan su yaƙi ke fara rushewa. A Fabrairun 2025 faɗa ya tilasta wa MSF dakatar da aikinta a Zamzam. A watan Afrilu RSF ta afka wa sansanin, dubban ɗaruruwan mutane suka tsere, da yawa a ƙafa zuwa Tawila, tafiyar kilomita kusan 60. Yaran da suka isa can ba sa iya cin ledar kuwa, sai an sake kafa musu ɗakin kwanciya daga farko: tanti, tankin ruwa, sikeli, da masu aikin dare.