Damuwar mai ciki da kukan jariri

Dubi jaririn nan, kwanansa uku a duniya. Yana barci likita ya kaɗa masa ƙararrawa kusa da kunne, ya zabura, ya ware hannuwa. Aka sake kaɗawa, aka kuma. Can sai ya daina ko motsi, ya saba. Ga wani kuma, duk kaɗawa sai ya firgita kamar ta farko, in ya ɓarke da kuka sai an sha fama kafin ya lafa.

Wani likitan yara ɗan Amurka, Berry Brazelton, ne ya fito da wannan gwaji a 1973. Masu bincike da suka yi aiki da shi, irin su Tiffany Field ta Jami'ar Miami, sun lura cewa jariran matan da suka yi fama da ciwon damuwa lokacin da suke da ciki sun fi rigima, barcinsu ba ya nisa, kuma ba su cika bin fuska ko murya ba kamar sauran.

To ta ina abin ke bi? In hankalin mutum ya tashi, jikinsa kan saki wani sinadari mai suna kotisol. Mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗan tayi, tana da nata mai gadi da ke kashe kaifin mafi yawansa kafin ya isa ga yaro. Amma in fargabar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wata da watanni, akwai alamun cewa gadin kan yi rauni.

A nan ne nake so ki saurara da kyau, 'yar'uwa. Ɓacin ran yini ɗaya ba shi ake nufi ba. Kuma wannan bambanci ana ganinsa ne in an kwatanta jarirai masu yawa. Gado, shan sigari da wasu magunguna duk suna da hannu, shi ya sa ba a nuna jariri ɗaya a ce laifin uwarsa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu ciki na fama da irin wannan lalura. In kin kai mako biyu ba barci, ba walwala, kuka haka kawai, ki faɗa ranar awo. Akwai tambayoyi 10 da ake kira ma'aunin Edinburgh, 'yan mintoci za ki amsa su. In kuma kina kan magani, kada ki ajiye shi sai kin ga likita.