Amsoshin Tambayoyinku: Baƙo da Tasi a Babban Birni

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun da suka taru mana a wannan makon da yawansu kan tafiye-tafiye ne, don haka muka tsamo waɗanda suka shafi hawa tasi a birnin da mutum bai sani ba.

Ta farko daga wani bawan Allah ce da zai je taro ƙasar waje. Ya ce: "In na sauka a filin jirgi, yaya zan bambance tasi na gaskiya da na bogi, alhali duk motocin ɗaya suke a idona?"

To malam, kafin ka dubi motar, dubi yadda kuka haɗu da mai ita. Kana fitowa daga wurin karɓar kaya za ka ji ana "tasi, tasi", wani har da kati rataye a wuya, kafin ka amsa ya kai hannu kan akwatinka. Wannan shi za ka wuce, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Direba mai lasisi yana can cikin motarsa a layin da hukumar filin ta keɓe, yana jiran layi ya zo kansa. A filayen jirgin New York ma laifi ne direba ya shigo ciki yana farautar fasinja. Bi alamar da ke nuna wurin tasi, ko da layin ya yi tsawo.

Sannan kowane birni da shaidar motocinsa, kuma tun kana gida ya kamata ka san ta. A New York tasi rawaya ce, da wata lamba ta ƙarfe manne a kan murfin injin, tsarin lambar nan kuwa an fara shi a 1937. A babban birnin Mexico, tun 2014 fenti fari da ruwan hoda aka wajabta musu. A Landan kuwa direban baƙar tasi sai ya haddace titunan tsakiyar birnin ya ci jarrabawa, abin da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, kuma ana wannan jarrabawa tun 1865. Baƙaƙen tasin nan kaɗai doka ta yarda a tare a bakin titi. Sauran motocin haya sai an kira su ta kamfani tukuna, saboda haka wanda ya tsaya maka haka kawai ya ce shigo, kabu-kabu yake yi, ba kuma wanda ya san ka shiga motarsa. Amma fenti ba wuyar samu gare shi ba. Leƙa ciki, a birane da yawa za ka ga katin lasisi ɗauke da hoton direba, sai ka haɗa hoton da fuskar da ke riƙe da sitiyari.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce, tana tambaya ko kiran mota ta manhajar waya irin su Uber da Bolt ya wadatar ga mace mai tafiya ita kaɗai.

Malama, ya rage haɗari sosai, don akwai sunan direba da lambar mota da hanyar da aka bi, duk a rubuce. Sai dai wannan kariya tana aiki ne kawai in motar da kika kira ita kika shiga. A 2019, a jihar South Carolina ta Amurka, wata ɗaliba ta shiga wata mota cikin dare tana zaton ita ce ta kira, ashe ba ita ba ce. Mutumin ya sa makullin da ake sa wa ƙofa don yara, ta kasa fita, ya hallaka ta. Bayan wannan ne Uber ta fito da lambobi huɗu na sirri da fasinja ke faɗa wa direba kafin tafiya ta fara. In manhajarki tana da su, kunna su.

Ga abin da za ki yi in mota ta iso. Zagaya ki karanta lambarta da idonki, ki gwada da wadda ke cikin waya. Kada ki ce "kai ne wane?", domin kowa zai iya cewa e. Ce masa "wa ka zo ɗauka?", ki bar shi ya faɗi sunanki. Ki zauna a baya. Da kin rufe ƙofa, kafin mota ta motsa, ja hannun ƙofar ki ga tana buɗuwa ta ciki. Makullin yaran nan wani ɗan maɓalli ne a gefen ƙofar baya, ba a ganinsa sai ƙofa tana buɗe, in an ɗaga shi sai daga waje ake buɗewa. In ta ƙi buɗuwa, ki ce ya buɗe miki ki sauka, ba sai kin ba shi dalili ba. Ki kuma tura wa wani naki bayanin tafiyar ta manhajar, ya riƙa bin ki a taswira.

Wani abu kuma: direba zai iya cewa ki soke kiran, ki ba shi kuɗi a hannu zai rage miki. Galibi kamashon kamfani yake gudu, ba mugunta ba ce. To amma da kin soke, kin goge shaidar cewa kina cikin motar. Ni a ganina rangwamen bai kai wannan ba.

Wani mai sauraro ya rubuto cikin ɓacin rai, wai direba ya ce masa mita ta lalace, da suka isa ya yanka masa kuɗin da ya ga dama. Malam, maganar kuɗi a bakin ƙofa ake gama ta: ko a kunna mita, ko a yi ciniki, ko ka nemi wata motar. Wasu biranen ma sun ƙayyade kuɗin. Paris ta yi haka tun 2016 tsakanin filayen jirginta da cikin gari, haka ma a New York akwai ƙayyadadden kuɗi daga filin jirgin JFK zuwa unguwar Manhattan. Ka riƙe ƙananan kuɗi, kuma in za ka miƙa babbar takarda, faɗi adadinta da baki kana miƙawa, don akwai masu saurin hannu da kan musanya ta da ƙarama su ce ita ka ba su. Baƙo bai saba da launin kuɗin ba, sai ya hau shakkar kansa. In kayanka suna but, sauka a fito da su tukuna, sannan ka biya.

Sai tambayar da ta fi tayar da hankali: in direba ya saki hanya fa, ko ya tsaya zai ɗauki wani? Sakin hanya ba kullum ne mugun nufi ba, wataƙila cunkoso yake kauce wa, don haka tambaye shi kai tsaye, taswirar wayarka tana buɗe. In amsar ba ta gamsar da kai ba, kira wani ka faɗa masa lambar motar da inda kuke, da ƙarfi yadda direban zai ji, sannan ka ce a sauke ka inda ke da haske da jama'a, kamar gidan mai ko ƙofar otal. Ɗaukar wani kuwa, in shatar motar ka yi, kada ka yarda. A wasu biranen Latin Amurka ta haka ake tsare fasinja na 'yan sa'o'i, a zagaya da shi na'urorin cire kuɗi har a kwashe abin da ke katinsa. In abin ya kai ga makami, ba su, kada ka yi gardama. Ajiye lambar gaggawa tun kafin ka sauka: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka.

Akwai abin da babu wanda ya tambaya cikinku, alhali ya fi 'yan fashi cin rai, wato hatsarin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma ɗaura bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Mutane kan ɗaura a motarsu, su shiga bayan tasi su manta.

Ga kuma wadda ta ce ta bar wayarta a tasi: karɓar rasit ne maganin wannan, don yawanci lambar motar tana jiki, da ita hukuma ko kamfani za su nemo direban. In ta manhaja kika kira, shiga asusunki ta wata wayar, akwai wurin kai rahoton kayan da aka manta.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.