Sharhi: Mun sare madobiya, mun dasa dogon yaro

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa dazuzzukan kudancin jihar Kebbi ne, wajen Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san madobiya. Da rani takan kakkaɓe ganyenta ta rufe kanta da fure rawaya, in kuwa gatari ya taɓa ta sai ta zubo da jan ruwa tamkar jini. Makiyayi ya san ta fiye da kowa, don ganyenta yake sassabo wa shanu idan ciyawa ta ƙare. Ita ce 'yan katako ke kira Madrid, ita ce aka yi ta lodawa a manyan motoci zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya kai ta ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje na alfarma. Ɓarnar ta kai har taron 2016 a Johannesburg na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ya sanya wa cinikinta takunkumi, a 2018 kuma aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita.

To amma injin yanka bai yi shiru ba. Ga maɗaci, ga kawo, ga ƙirya, duk suna faɗuwa. Ƙiryar nan da ake sassaƙa turmi da ita, uwa ta daka ta bar wa ɗiyarta, yau buhun gawayi ce a bakin titi. Wallahi abin da ciwo.

Ba mu ga laifin saurayin da ke riƙe da injin kamar yadda muke ganin na wanda ya aike shi ba. Shi na cefane yake samu, riba tana wajen dillali. Malamin daji kuwa, wurare da yawa ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga.

Abin da ya fi damunmu shi ne dashen. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, kuma kowace damina ana bikin dashe. Me aka fi dasawa? Dogon yaro da itacen turare. Suna da saurin girma, suna ba da inuwa, ba mu raina su ba. Sai dai wace saniya ce ke ƙoshi da ganyen turare? Wane masassaƙi ne zai so shi a madadin ƙirya?

Muna kira ga ma'aikatar muhalli ta jiha da ta ware wuri a gidajen renon itatuwa domin madobiya da maɗaci da ƙirya, a tara irinsu tun akwai iyayen a tsaye. Irin maɗaci ba ya jure ajiya, da ya faɗo ake shuka shi. Kuma kada a ba kowa takardar sara sai hakimi da mai gari sun ga itacen da idonsu, sun san nawa mai saran zai dasa, kuma wa zai tsare dashen daga awaki har ya fi ƙarfin bakinsu.