Doki da Sirdi a Kwarin Hunter na Ostireliya

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓa a yau: asalin dokin, sai gonar da ake kiwonsa, sai kuma masu yi masa kaya, wato dukawa da majema. Wurin da za mu je shi ne kwarin kogin Hunter, arewa da birnin Sidni, a zamanin da Ingila ke mulkin Ostireliya.

Ku fara riƙe wannan, kafin zuwan Turawa babu doki ko ɗaya a Ostireliya. Jiragen ruwan farko da suka sauka a 1788 su suka shigo da dawaki bakwai, daga kudancin Afirka aka sayo su a hanya. Amma zuwa watan Oktoba na 1810 har hafsoshin soja sun shirya gasar sukuwa a tsakiyar Sidni. Mutum da doki ke nan, da zarar biyu sun haɗu sai an gwada na wa ya fi gudu.

Dokin sukuwa na asali, wanda ake kira Thoroughbred, a Ingila aka samar da shi. Duk wanda kuka gani yana tsere a talabijin, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, a kan ɗayan ingarmu uku za a tsaya, waɗanda aka kai Ingila daga ƙasashen Larabawa da Turkawa wajen shekara ɗari uku da suka wuce. Tun 1791 ake rubuta zuriyarsu a littafi, Ostireliya ta buɗe nata littafin a 1878. Sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, a rubuta ranar, ta yi wata goma sha ɗaya da ciki, sannan a shigar da ɗan. Kuma duk dokin sukuwa a can ranar 1 ga Agusta ake ƙara masa shekara, ko da wace rana aka haife shi. Wasu a cikin ɗakin nan da za a yi musu haka da an huta da gardamar shekaru a takarda. (dariya)

Gonar kuma, na biyu ke nan. Daga shekarun 1820 aka riƙa yanka wa Turawa masu hali manyan filaye a kwarin. Ga ruwa, ga ciyawa, ga tudu da gangare inda duƙushi zai yi ta hawa da sauka ƙafarsa ta yi ƙwari. Ba dawaki kaɗai suke kiwo ba, gonaki ne na alkama da masara da inabi da shanu da tumaki, doki ɓangare ne. Akwai Glendon ta 'yan'uwa biyu, Robert da Helenus Scott. Akwai Tocal, wadda Charles Reynolds ya karɓa haya a 1844, can aka kai The Barb, baƙin dokin da ya ci babbar gasar sukuwa ta kofin Melbourne a 1866, don ya yi barbara, sai dai 'ya'yansa ba su kamo ƙafarsa ba. Akwai Widden ta gidan Thompson, tun 1867, har yau tana hannunsu. Inda doki ke da tsada kuma ɓarawo ba ya nisa. Wani Fred Ward, wanda ya taɓa aiki a Tocal, an ɗaure shi a 1856 kan dawakin sata da wasunsu na gonar ne, ya tsere daga kurkuku, ya zama ɗan fashin da ake kira Kyaftin Thunderbolt, sai a 1870 aka harbe shi. Wannan labari ne na wata rana.

Ni abin da ya kawo ni shi ne baduku. Ku gyara zama.

Littafin asali yana da sunan ingarma, yana da sunan goɗiya, yana da sunan mai gona. Babu sunan wanda ya ɗinka sirdi. Alhali doki komai asalinsa, in bayansa ya yi miki, ya tashi daga aiki. Ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe barga a gidan sarauta. Kuma waɗannan ingarmu ba 'yan tsere kaɗai suke haifa ba, ana haɗa su da goɗiyoyin gona a samu dokin da zai wuni yana bin shanu, da wanda za a sayar wa sojan Ingila a Indiya. Dokin aiki ne mafi yawa, shi kuwa dokin aiki lafiyarsa tana hannun baduku.

Mu fara daga fata. A Ingila da ɓawon itacen oak suke jima. Da suka zo nan sai suka tarar da wani itace da suke kira wattle, ɓawonsa ya fi na gida ƙarfin jima nesa ba kusa ba. Ɗan'uwan bagaruwarmu ne, dangi ɗaya. Majeminmu 'ya'yan bagaruwa yake dakawa, nasu ɓawo yake sassaƙa ya busar ya niƙa ya jiƙa a rami, ya tsoma fatar sa ta yi watanni tana sha. Watanni fa, jama'a. In aka yi gaggawa, waje ya jemu ciki ɗanye, ranar da doki ya zabura ranar majayi zai tsinke da mutum a kai.

Sai icen sirdi, wanda shi ne ƙashin bayan abin duka. Yana da hannu biyu da ke kwanciya a kan naman da ke gefen ƙashin bayan doki, tsakiya kuma a bar kwararo. Wannan kwararon, in kun manta komai na yau kada ku manta shi. Sirdi ba ya taɓa ƙashin baya, ba ya taɓa doron kafaɗa. In ka ɗaura, ka hau, ka sa yatsu a gaba ka ji ba su shiga ba, sauka. A ƙarƙashin icen sai a ɗinka matashi biyu da yadin ulu mai shan gumi, a cusa gashi ko ulu da wani dogon ƙarfe, kaɗan-kaɗan, ana dannawa ana shafawa da tafin hannu ana neman gudaji. Gudaji ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa ya isa. Wuni ɗaya zai kumbura wurin, mako guda ya fashe, in ya warke farin gashi ya fito a nan har doki ya mutu. Mai sayen doki na gaskiya yana ganin farin tabon nan ya san an taɓa cutar dabbar.

Kuma aikin ba ya ƙarewa, abin da ke burge ni ke nan. Doki da damina ya yi ƙiba, da fari ya rame, ƙasar kuwa ta fari ce. Sirdin da ya zauna daidai bara, bana yana rawa. Dole a mayar wa baduku ya farke ya ƙara cusa ko ya rage. Shi ya sa kusan duk garin da ya amsa sunansa, Maitland ne, Singleton ne, Scone ne, za ka tarar da shagon sirdi kusa da maƙera.

Ɗinkin kansa da allura biyu ake yi. Ya matse fatar a tsakanin katako biyu da ya riƙe da gwiwa, ya huda da basilla, allura ɗaya ta shiga ta dama, ɗaya ta hagu, rami ɗaya, ya ja su tare. Zaren an murza shi da kakin zuma don kada gumi ya ci. Amfanin allura biyu, in zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe, ba ya warwarewa. Ƙarafan kuwa, linzami da likkafa da maɗaurai, yawanci daga garin Walsall na Ingila ake auno su.

Na huɗu... na ce uku ko? To wannan gyara ne. (dariya) Sirdin Ingila shimfiɗaɗɗe ne, an yi shi don farauta ta 'yan sa'o'i. A nan ga daji, ga gangare, ga ɗanyen doki mai tutsu, ga mahayi tun asuba har magariba. Mahaya suka riƙa komawa shago suna cewa a ƙara nan, a zurfafa nan. Dukawa suka zurfafa mazauni, suka ɗaga wasu kunnuwa biyu a gaba da ke tare cinya, suka sa igiya ta zagaya ƙarƙashin wutsiya don kada sirdi ya zame wuya a gangare. Haka sirdin kiwo na Ostireliya ya samu, a hankali, daga hannu zuwa hannu. Ban ma taɓa masu yin ƙawanyar wuya ta dawakin garma ba, da masu kitsa bulala da fatar kangaru, waɗannan sana'o'i ne daban...

Na'am, 'yata, ga hannunki a sama tun ɗazu.

Tambaya: Malam, ka ce an yanka wa Turawa filaye. Filayen na wa ne kafin nan, kuma su wa ke yi musu aikin?

Allah ya yi miki albarka. Ƙasar tana da masu ita. Mutanen Wonnarua ne a yawancin kwarin, shekaru dubbai suna can. Ba a saya ba, ba a yi yarjejeniya ba, gwamna ne ya sa hannu a takarda. Shanu da tumaki suka cinye wuraren farautarsu da mashayarsu, da suka yi turjiya aka tura musu 'yan sandan doki. A 1826 wani hafsa, Nathaniel Lowe, ya sa aka harbe wani ɗan ƙasa da ke tsare a hannunsa a inda Maitland take, aka kai shi kotu a 1827, aka sallame shi. Shi kansa Robert Scott na Glendon da na ambata, lokacin da aka kashe aƙalla mutum 28 'yan ƙasa a wani wuri da ake kira Myall Creek a 1838, shi ya tsaya wa makasan, har aka tuɓe shi daga alƙalanci. An rataye bakwai daga cikin makasan.

Aiki kuma fursunoni ne da aka kwaso daga Ingila da Ailan, ana raba su ga masu gona, su sare daji su kafa shinge su share barga, har zuwa 1840 da aka daina kawo su yankin. A cikinsu akwai masu sana'a, maƙera da dukawa, kuma masu gona rububinsu suke yi. Daga baya 'yan ƙasar da suka rage, da yawansu a kan doki suka samu abin yi, suka zama gwanayen horar da shi da bin shanu, sau da yawa ladansu gari da shayi da sukari ne. Ana yi mini alama an kira salla. Wanda ya ɗaga hannu a can gefe, ka riƙe tambayarka, da kai za mu fara in mun dawo.