Alan Page: Daga Kokawar Fili Zuwa Kujerar Alƙali

Masu sauraro, barkanku da war haka. A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita, akwai wasu ƙarti da ke durƙusawa a sahun gaba na masu tsaro. Aikinsu su keta shingen abokan hamayya su kayar da mai jefa ƙwallo tun bai jefa ba. Aiki ne na ƙarfi, kuma ba kasafai ake yaba wa mai yin sa ba. Cikinsu har da Alan Page, wanda aka haifa a garin Canton na jihar Ohio a 1945.

Daga jami'ar Notre Dame ƙungiyar Minnesota Vikings ta ɗauke shi a 1967. Shi da Carl Eller da Jim Marshall da Gary Larsen suka zama dodanni, har aka yi musu laƙabi da masu cin mutane, saboda yadda suke murƙushe duk wanda ya tare musu hanya. A 1971 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, baki ɗaya, kuma shi ne mai tsaro na farko da ya taɓa samun wannan kambu. Sau huɗu Vikings suka kai wasan ƙarshe na Super Bowl, sau huɗu suka dawo hannu rabbana.

To, abin da ya sa na kawo muku labarinsa shi ne yadda bai taɓa ɗaukar wasan nan a matsayin matabbata ba. Yana tsaka da tashe ya shiga karatun lauya a jami'ar Minnesota, ya kammala a 1978. A wannan tsakanin ne kuma ya kamu da son gudun dogon zango, nauyinsa ya sauko zuwa wajen kilo 100. Ga mai aikin ture ƙarti, wannan rama ce. Koci Bud Grant bai ji daɗi ba, ƙungiyar ta sallame shi ana cikin kakar 1978. A ganina Vikings sun yi gaggawa, domin nan take Chicago Bears ta ɗauke shi, ya ci gaba da kayar da mutane har 1981. Ya buga wasanni 218 a jere, ko ɗaya bai tsallake ba.

Da ya ajiye kwalkwali sai ya rungumi aikin lauya, har ya yi aiki a ofishin babban lauyan jihar Minnesota. A 1992 ya tsaya takarar alƙalin kotun ƙolin jihar, domin a can ƙuri'a ake kaɗa wa alƙalai, ya kuma ci. Shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera, ya zauna a kanta har 2015, lokacin da ya cika shekara 70, dokar ritaya ta cim masa.

A 1988 aka shigar da sunansa zauren gwarazan wasan da ke Canton, ginin da ya yi leburanci a wurinsa yana saurayi. A shekarar ce shi da mai ɗakinsa Diane suka kafa gidauniyar da ke biya wa ɗalibai baƙar fata da sauran 'yan tsiraru kuɗin karatu, bisa sharaɗin kowannensu ya koma ya taimaka wa yara ƙanana da karatu. Diane ta rasu a 2018, makonni kaɗan kafin a ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka.

Har yau ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, tsarabar filin wasa. Shekara da shekaru kuma, ranar tseren dogon zango na Minneapolis, masu gudu kan tarar da tsohon alƙalin a bakin titi, rungume da wani ƙaton ƙaho na tagulla, yana busa musu.