Lacca a Kan Motsin Ruwa da Ƙananan Halittun Bahar Maliya

Assalamu alaikum, iyaye da malamai da 'yan'uwa mazauna Bur Sudan. Duk wanda ya taɓa haska tocila cikin ruwa da dare a bakin gaɓa ya ga wasu ɗigo-ɗigo suna taruwa cikin hasken suna ta zabura. Su ne masana suke kira zuflankiton, mafi yawansu kuma jinsin kofefod ne, wanda da kyar yake kai girman ƙwayar gero.

An daɗe ana ɗaukar su tamkar ƙaiƙayi, wanda ruwa yake kwasa ya kai inda ya ga dama, amma ni a ganina wannan ɗauka ba ta yi musu adalci ba. Wani bincike da aka yi a Mashigin Aƙaba, a arewacin Bahar Maliya, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa idan ruwa yana hawa ko yana nutsawa, suna yin iyo su saɓa masa domin su tsaya a zurfin da suke, kuma ta haka ne suke cunkushewa kusa da gaɓa, inda kifi yake tarar da su.

Hautsinewar ruwa kuwa fuska biyu gare ta. Idon kofefod ba ya tantance sura. Da gashin da yake jikin ƙahonninsa biyu yake jin motsin abinci da na maƙiyi. Idan hautsinewar matsakaiciya ce, tana kawo masa abinci har baki, kamar yadda ludayi yake tayar da gayan fura daga gindin ƙwarya. Idan ta yi yawa, abincin yakan kuɓuce masa kafin ya cafka, ya kuma kasa jin tahowar kifi, shi ya sa da yawansu suke sauka ƙasa idan iska ta tsananta.

Babu wani kogi mai gudana kullum da yake zuba cikin Bahar Maliya, saboda haka tekun ya dogara ƙwarai ga ruwan Mashigin Adan, wanda iskar hunturu take turowa ta Babul Mandab, ƙofar tekun ta kudu, kuma wannan ne ya sa kudancinsa ya fi arewacinsa yalwar waɗannan halittu. A Sanganeb, wani wuri cikin teku kusa da Bur Sudan wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya tare da gaɓar Dungonab a 2016, murjani, wato ƙaramar halittar da take gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, da dare yake buɗe hannayensa ya kama abin da ruwa ya kawo masa daga cikinsu.